Yadda na zaɓi marikin gaba da ba ya taɓa bututu lokacin da nake haɗa bindigata a Tekzas

Wannan rubutu na 'yan uwanmu ne mazauna Amurka da suka shiga wasan harbin saiti, ko suke shirin shiga, har suka kai ga son haɗa bindigarsu gaɓa-gaɓa maimakon sayen haɗaɗɗiya. A Hiyustan nake zaune, kuma bindigar da na haɗa samfurin AR-15 ce, wadda Eugene Stoner ya zana a kamfanin ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950 kafin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959. A cikin kayanta duka babu wanda ya ci mini lokaci da tunani kamar marikin gaba, wato rigar ƙarfen nan da ke lulluɓe bututu inda hannun hagu yake kamawa, wanda masu shagunan nan suke kira handigad. Mutum zai ɗauka abu ne na ado kawai, ya duba hoto ya ga wanda ya yi masa kyau ya biya. Ashe shi ne wurin da bututu da gangar sama, wato ɓangaren jikin bindiga da ake ɗaura bututu a kansa, da hanyar gas suke haɗuwa, kuma in ɗaya daga cikinsu bai yarda da shi ba, kuɗinka ya tafi a banza.

Abin ya faro ne a filin harbi. Wani yayanmu mutumin Damagaram, makaniken manyan motoci ne kuma ya daɗe a ƙasar nan, shi yake ba ni aron tasa. Tasa tsohon yayi ce, mai marikin roba ɓari biyu, wanda ake maƙalawa tsakanin zoben da ke gindin bututu da wata 'yar hula a bayan saitin gaba mai kusurwa uku. A yadi 100, in na ɗora ta a kan buhun yashi na bar ta ta zauna da nauyinta, harsasan suna taruwa wuri ɗaya. Da zarar na naɗe maratayi a hannu na ja shi da ƙarfi, sai su koma ƙasa da hagu, wani lokaci har kusan inci biyu. Na ce masa, "Yaya, hannuna ne yake rawa ko kuwa?" Ya ce ba hannuna ba ne, bututun nake lanƙwasawa ban sani ba. A irin wannan ƙira, mariki da maratayi duk a jikin bututu suke rataye, don haka duk ƙarfin da ka sa a kansu bututu ne yake ɗauka. Bututu kuwa yana kaɗawa a duk harbi, kuma kamar kalangu yake, in ka matse shi a hammata muryarsa ta canja. Maganin shi ne marikin da ake kira firi-fulot, wanda yake ɗaure a notin da ke gindin bututu kaɗai, daga nan har ƙarshensa babu inda yake taɓa bututun. Ka ja maratayi, ka danna shi a kan katako, ka jingina da ƙafafun saiti, wato 'yan ƙafafu biyun da ake ɗaura wa bindiga a gaba don ta tsaya, nauyin yana komawa gangar bindiga.

Kafin maganar mariki sai da na wuce matakin takardu, kuma nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. A dokar tarayya, gangar ƙasa, wadda kunama take ciki kuma take ɗauke da lamba, ita ce bindiga. Ko da fanko ce babu komai a cikinta, ba za a kawo maka ita gida ba, sai an aika wa dillali mai lasisin tarayya ka je can ka karɓa. Na saye ta a intanet a kan dala tamanin da wani abu, na ba su sunan wani ƙaramin shago kusa da mu, shagon ya tura musu kwafin lasisinsa. Da ta iso suka kira ni. Na tafi da lasisin tuƙina mai adireshin gidan da nake ciki a lokacin, da girin kat ɗina, wato katin izinin zama na dindindin. Suka zaunar da ni gaban kwamfuta na cike fom mai lamba 4473 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Tambayoyin e ko a'a ne, game da laifi da shan ƙwaya da matsayin zama a ƙasa, kuma akwai gurbin da wanda ba ɗan ƙasa ba zai rubuta lambarsa ta baƙi. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne na tarayya. Wanda bai kai shekara 21 ba ba za a sayar masa da fankon ganga ba. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara kuwa doka ta hana shi, sai a 'yan wasu yanayi kamar mallakar lasisin farauta, kuma irin wannan mutum ya kamata ya ga lauya kafin ya taka ƙofar shago.

Mai shagon ya shigar da bayanaina a tsarin binciken FBI da ake kira NICS, wanda yake aiki tun 1998. Amsa uku ce: a ci gaba, a dakata, ko a hana. Tawa ta fito a dakata. Ba zan ɓoye ba, gabana ya faɗi, na fara tunanin ko akwai wata tarar mota da na manta. Mai shagon ya ce kada in damu, yana yawan ganin haka ga masu girin kat, don sai an tuntuɓi ɓangaren shige da fice, haka ma masu sunan da mutane da yawa suke da irinsa. Na koma gida hannu rabbana. Kafin mako ya ƙare suka kira cewa an amince, na je na biya dala talatin kuɗin hidima, na ɗauko abata a cikin 'yar leda. Sauran kayan duka, bututu da gangar sama da mariki, a Tekzas har ƙofar gida ake kawo su kamar takalmi. Amma wannan Tekzas ce. Kalifoniya da Niyok da Ilinoyi da wasu jihohi suna da dokoki masu tsauri a kan wannan samfurin, wasu sun hana sayar da shi gaba ɗaya, don haka kowa ya fara da dokar jiharsa.

Daga nan na shiga kasuwar marikai, na kuwa ga abin da ya fi ƙarfina. Ɗaruruwa ne, daga na dala arba'in har na sama da ɗari uku, kuma a hoto duk baƙaƙe ne masu ramuka, kusan kamarsu ɗaya. Na kwashe dare da yawa ina buɗe shafuka ina rufewa. Da na kai wa Yaya kukana sai ya ce in bar waya, mu je wurin wani tsohon maƙerin bindiga da yake gyara masa tasa. Bature ne tsoho, shagonsa a bayan gari, ƙamshin mai da ƙarfe ko'ina, ga tabarau biyu ɗaya a ido ɗaya a goshi. Na nuna masa hoton wanda nake so. Ko kallon kirki bai yi masa ba, ya tambaye ni tsawon bututuna, da inda ramin gas yake, da kaurin bututun a wurin, da irin gangar saman da zan sa. A lokacin ban sayi ko ɗaya ba. Ya ce to babu abin da zai iya gaya mini game da mariki, don shi ne na ƙarshe a layi, in je in tsayar da waɗancan in dawo. Bai karɓi ko sisi ba.

To sai na bi layin yadda ya jera shi. Na farko tsawon bututu. Dokar makamai ta tarayya ta ce bindigar kafaɗa da bututunta bai kai inci 16 ba sai an yi mata rajista ta musamman da ATF, ni kuwa ba na neman wannan hidimar, sai na tsaya a kan inci 16 daidai. Na biyu hanyar gas. Wannan bindiga tana ɗibar ɗan hayaƙin harsashi daga wani rami a saman bututu, ta bi da shi ta wani siririn bututu zuwa baya don ya tura injin ya ɗauko harsashi na gaba. Nisan wannan rami daga ganga iri-iri ne: akwai na kusan inci 7 da ake kira kabin, akwai matsakaici na kusan inci 9, akwai dogo na kusan inci 12. A bututu mai inci 16 na ɗauki matsakaici, don ya fi laushin bugu. A kan ramin ne ake zaunar da wani ɗan dunƙulen ƙarfe, gas-bulok, kuma nan ne maganar mariki take farawa da gaske. In kana da saitin gaba na soja mai kusurwa uku, shi ne gas-bulok ɗin, kuma tsayinsa ba zai bari dogon mariki ya wuce ta kansa ba. Ko dai ka sayi gajeren mariki da zai tsaya a bayansa, ko a cire shi, ko a yanke shi. Cire shi aiki ne, don ƙusoshi masu tsini ne aka buga suka ratsa shi, ta gefe ɗaya kawai suke fita. Ni da nake farawa daga babu, sai na sayi gas-bulok gajere wanda mariki yake haɗiyewa. Kaurin bututuna a wurin inci 0.750 ne, wanda shi ne ya fi yawa. Siraran bututu suna zuwa da 0.625, masu kauri sosai 0.936, kuma dole lambar gas-bulok ta yi daidai da ta bututu.

Na uku gangar sama. Nan akwai tarkon da ba a cika faɗa ba. Gangar da aka ƙera a kan awon soja siffarta ɗaya ce ko wane kamfani ya yi ta, kuma yawancin marikai don ita aka yi su. Da yawansu suna da 'yan kunnuwa biyu a baya da suke rungumar gangar ta gefe da gefe don kada marikin ya juya. Gangar da aka sassaƙa daga dunƙulen alminiyom, wadda ta fi kyan gani da tsada, sau da yawa ta fi faɗi a wurin, kunnuwan ba sa shiga sai an goge su. Akwai kuma kamfanonin da suke da tasu hanyar, kamar Aero Precision da ke da wata ganga wadda marikinta na musamman ake ɗaurewa kai tsaye a jikinta da sukurori, ba kowane mariki take karɓa ba. Sannan kada a rikita AR-15 da babbar yayarta mai harsashi .308, notinsu da awonsu daban ne, ita ma .308 ɗin tsayin layin samanta iri biyu ne. Ni dai na sayi gangar awon soja, mara ado, don in huta.

Da waɗannan a hannu na koma wurin tsohon da takarda. Yanzu ya saurare ni. Ya ciro marikai daga ƙarƙashin kanta ya jera a kan tabarmar roba, ya ce in ɗaga kowanne. Na farko mai layin haƙora ta fuska huɗu ne, irin wanda muke gani a hotunan sojojin Amurka a Iraƙi. Wannan layin haƙora shi ne Picatinny, an sa masa sunan wata ma'ajiyar makaman soja da ke jihar Niyu Jasi, kuma an amince da awonsa a 1995. Ƙarfi kam babu magana, amma nauyi gare shi, kuma haƙoran suna cin tafin hannu in babu safar hannu ko murfin roba. Na biyu mai ramuka kamar ramin makulli, shi ne KeyMod, da ya fito a 2012. Na uku mai dogayen ramuka masu kusurwa huɗu, M-LOK na kamfanin Magpul, da ya fito a 2014. Waɗannan biyun dabara ɗaya ce, a bar jikin marikin sumul, a ɗaura abu a inda ake buƙata kawai. An daɗe ana gardama a kansu har cibiyar sojan ruwa ta Crane da ke Indiyana ta gwada su don rundunar ayyuka na musamman, sakamakon ya fito a 2017, M-LOK ya fi riƙo, musamman bayan an yar da bindiga ƙasa da kuma in an cire abu an mayar. Tun daga nan kasuwa ta karkata. Tsohon ya ce KeyMod bai lalace ba, wanda yake da shi ya ci gaba da amfani da abinsa, amma mai saye yau zai wahala wajen samun kayan ɗaurawa. Shi ya sa za ka gan shi da araha a shafukan gwanjo. Na zaɓi M-LOK mai layin Picatinny a sama kaɗai.

Tsawo shi ne abin da muka fi daɗewa a kai, kuma a nan ra'ayina ya saɓa da na yawancin samarin filin harbinmu. Yayin yanzu shi ne inci 15 a kan bututu mai inci 16, marikin ya rufe kusan komai, sai bakin kawai a waje. Yana da kyan gani, yana ba dogon mutum wurin miƙa hannu, kuma ƙafafun saiti suna zama can gaba inda suka fi tsayar da bindiga. Amma duk incin da ka ƙara nauyi ne a can ƙarshe, inda ya fi gajiyar da hannu. Kuma in abin da ka ɗaura a bakin bututu mai fitar da hayaƙi ta gefe ne, dole ramukansa su kasance gaba da marikin sarai, in ba haka ba wuta da ƙarfin iska za su riƙa dukan alminiyom ɗin, da yatsun mai riƙo. Tsohon ya miƙo mini sanda ya ce in riƙe kamar zan yi harbi a tsaye, ya sa alli inda hannuna ya tsaya, ya auna. Ni ba dogo ba ne, hannuna bai wuce inci goma sha ɗaya ba. Mai inci 13 ya rufe gas-bulok ɗina da ke inci 9, ya bar wurin ƙafafu, ya rage nauyi. A kansa na tsaya, kuma har yau ban ga abin da ƙarin inci biyun zai yi mini ba ban da hoto.

Sai faɗin ciki, lambar da masu talla da yawa ba sa sa wa a gaba. Siraran marikai cikinsu yana kusan inci 1.3, wasu sun kai 1.5 ko fiye. Siriri ya fi daɗin kamu, amma dole gas-bulok ya wuce ciki ba tare da ya taɓa ko'ina ba, har da kawunan sukurorinsa na ƙasa. In ya taɓa, ko da ɗan gashi ne, ka biya kuɗin firi-fulot ka samu wanda ba shi ba. Mai niyyar sa gas-bulok da ake murɗawa a rage ko a ƙara gas ya duba tsayinsa sau biyu, ya kuma tabbata makullin murɗawar zai iya kaiwa gare shi ta bakin marikin. Game da ƙarfen kuwa, yawancinsu alminiyom ne mai lamba 6061 da aka ƙona masa baƙar fata mai tauri. Akwai na kabon faiba, ba nauyi kuma ba ya saurin ɗaukar zafi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin abin da nake yi da bindiga.

Na so in rage kuɗi a wannan gaɓar. Wani shagon intanet yana tallan mai inci 13 a kan ƙasa da dala sittin, ya rubuta cewa yana shiga kowace gangar awon soja. Ya daɗe bai iso ba, lambar bibiya ta tsaya a wuri ɗaya har na fara aika musu saƙo. Da ya zo babu takardar bayani a kwalin, babu adadin ƙarfin da za a ɗaure notin. Tsohon ya zura shi a kan gangata, ya ɗora ƙaramar rula ta ƙarfe a kan layin sama ta haye daga ganga zuwa mariki, ya ɗaga wajen fitila. Haske yana wucewa ta ƙarƙashin rular a ɓangaren marikin, wato layinsa ya fi na gangar ƙasa. Notin kuma na alminiyom ne mai laushi, sukurori biyu ne kawai suke matse shi, babu abin da zai hana marikin zamewa gaba in ya yi zafi. Ya ce zai ɗaura mini in na matsa, amma ba zai sa sunansa a kai ba. Na mayar musu. Suka cire kuɗin mayarwa kashi goma sha biyar, ni na biya kuɗin aikawa, sauran ya dawo bayan dogon jira. Araha ba ta ado.

Bayan haka na tsaya a kan kamfanonin da ake ganin kayansu a hannun masu gasa: BCM da Midwest Industries, dukansu na jihar Wiskonsin, da Geissele na Fensilbeniya, da Daniel Defense na Jojiya. Geissele da Daniel Defense sun yi wa rundunonin Amurka na musamman marikai, farashinsu ma yana nuna haka. Abin da na riƙa dubawa a shafin kowanne shi ne ko ya rubuta faɗin ciki, da nauyi tare da noti, da yadda marikin yake kama notin, da ko sifanar notin tana cikin kwali. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, don kusan kowane kamfani da irin notinsa, sifanar wani ba ta kama na wani. Na ɗauki na tsaka-tsaki a kan kusan dala ɗari biyu, ga harajin sayayya na Hiyustan kashi 8.25 a kai. Notinsa na ƙarfe ne, yana da kwari da sukurorin suke ratsawa ta ciki don kada ya zame, kuma siririn bututun gas yana wucewa ta samansa ba sai an daidaita haƙora ba. Tsohon notin soja yana da haƙora kewaye, sai an yi ta murɗawa har gurbi ɗaya ya zo daidai da ramin, wasu notocin kuma sai an sa 'yan siraran zobba a baya.

Ranar ɗaurawa na roƙi tsohon ya bar ni in tsaya in gani, ya ce in dai ba zan yi surutu ba. Ya damƙe wani sandan ƙarfe a matsar teburinsa, ya zura gangar da bututun a kai don ƙarfin murɗawa kada ya karkata alminiyom. Ya lakaci giris da ɗan yatsa ya shafa a zaren gangar. Ya ɗaura notin ya kwance, ya sake ɗaurawa ya kwance, sai a na uku ya ɗauko sifana mai auna ƙarfin murɗawa ya ja a hankali har ta yi ƙas. Awon soja na wannan noti daga fut-fam 30 ne zuwa 80 na ƙarfin murɗawa, amma ya ce ga notin kamfani takardar kamfanin ake bi. Ya zaunar da gas-bulok, ya toshe gindin bututu da yatsa ya hura iska ta baki don ya ji tana fita ta siririn bututun. Marikin ya ƙi shiga kan notin da farko, na ɗauka matsala ce, ashe da gangan aka yi shi matsattse. Ya ɗumama gindinsa da na'urar hura zafi, ya tura da tafin hannu, ya shige har ya manne da ganga. Kafin ya ɗaure sukurori ya ɗauko wani mazaunin madubin saiti ya ɗaura shi rabi a ganga rabi a mariki don layukan su miƙe, ya ɗiga shuɗin gam a zare, ya ɗaure, ya cire mazaunin. Sai ya ja ɗan layin farin fenti daga kan kowane sukuru zuwa jikin marikin, ya ce ranar da na ga layin ya rabu biyu, sukurun ya motsa. Ya yanki siririyar takarda ya zura ta kewaye da gas-bulok ta cikin ramuka, ta wuce ko'ina ba ta maƙale ba. A ƙarshe ya gwada zaman harsashi da ma'aunansa guda biyu, da ɗaya injin ya rufe, da ɗayan ya ƙi rufewa, yadda ake so. Dala sittin ya karɓa. In da zan sayi sandan da sifana mai awo da ma'aunan, kuɗinsu ya ninka haka, don aikin da zan yi sau ɗaya.

Akwai abu biyu da ya ja mini kunne a kai ina shirin fita. Sukurorin M-LOK suna leƙawa ciki, saboda haka in ka ɗaura fitila ko ƙafafu daidai kan gas-bulok, tsinin sukurun zai iya dafa shi, ka koma gidan jiya. Kuma ƙarfin ɗaure su da inci-fam ake aunawa, 35 in ƙarfe ne a kan ƙarfe, 15 in akwai roba. Wanda ya karanta inci-fam a matsayin fut-fam ya ninka ƙarfin sau goma sha biyu, sai dai ya ji zare ya tsinke. Na biyun, madubin saiti a kan ganga yake zama gaba ɗayansa. Mariki yana ɗan lanƙwasa in an danna shi, wannan ne ma aikinsa, ya lanƙwasa shi kaɗai ya bar bututu. In madubi yana kansa, sai saitin ya bi shi.

A filin harbi muka maimaita gwajin farko, ni da Yaya, da harsashi iri ɗaya a yadi 100. A kan buhun yashi, da maratayi a ɗaure tamau, da ƙafafu ina danna su gaba, tarin harsasan bai bar wurinsa ba. Amma faɗin tarin kansa bai ragu sosai a kan na bindigarsa ba, ya tsaya wajen inci ɗaya da rabi. Na faɗi wannan ne don masu talla suna sa mutum ya zaci firi-fulot zai mai da shi gwani. Ƙanƙantar tari daga bututu take, da harsashi, da kunama, da mai harbin. Abin da mariki ya ba ni shi ne duk yadda na riƙe ta wuri ɗaya take kaiwa. Wanda harbinsa bai wuce yadi ashirin da biyar a ɗakin harbi ba, da wuya ya ga bambanci, marikin roba na dala talatin ya ishe shi. Na kuma gano abin da hoto ba ya nunawa: siririn alminiyom yana zafi da sauri, ga ranar Tekzas. Bayan gidan harsashi biyu a jere ba ya riƙuwa da hannu tsirara a wajen gas-bulok, sai da na sayi 'yan murafun roba na toshe ramukan wurin. Yaya ya yi mini dariya, ya ce nasa na roba mai garkuwar zafi a ciki bai taɓa ƙona shi ba, kuma gaskiyarsa.

Wani ɗan uwa daga gida da ya ga hoton ya ce in sako masa irinsa a kaya in zan zo. Ban yi ba, kuma kada kowa ya yi. Dokar fitar da kaya ta Amurka ta shafi sassan bindiga, ba sai cikakkiya ba, shi ya sa shagunan nan ba sa aikawa waje sai da izini. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 da jami'an kwastan suna jiran mai irin wannan kaya a filin jirgi, ba kuma za su tsaya sauraron bayanin cewa rigar bututu ce kawai ba. Tawa tana nan a akwatin ƙarfe mai makulli, harsasai a wani wurin daban saboda yara, kuma duk lokacin da na dawo daga fili ina duba layukan farin fentin nan kafin in mayar da ita.